Yadda Ake Gyara Kebul ɗin Sauti da Hoto na Tsofaffin Na'urorin Gem Ba Tare da Sigina Ta Gurɓata Ba

Duk wanda ya taɓa farke kan kebul ɗin SCART mai araha, wato kebul mai faffaɗan fulogi da ke haɗa na'urar gem da talabijin, ya san abin da ke ciki: siraran wayoyi takwas ko tara a dunƙule cikin roba guda, babu abin da ya raba su sai 'yar fatar jikinsu, sannan waya ɗaya tak ce take ɗauke da layin ƙasa na hoto da na sauti da na wuta baki ɗaya, wato hanyar da wuta ke bi ta koma na'ura. Irin wannan kebul yana aiki, hoto zai fito, sauti ma zai fito. Amma da zarar fuskar talabijin ta yi fari fat sai ka ji lasifika ta kama ƙugi, idan kuma ka matsa kusa sai ka ga wani ɗan zane kamar saƙar tabarma yana rawa a kan launuka. Mafi yawan lokuta na'urar lafiyarta ƙalau, siginoni ne suke shiga gonar juna a cikin kebul ɗin, kuma wanda ya yanke shi ya sake haɗawa ba tare da ya fahimci dalilin ba zai iya ƙara dagula abin.

Dalilin yana cikin ƙanƙantar siginar. Kowane ɗaya daga cikin launuka uku na RGB, wato ja da kore da shuɗi, yana tafiya ne tsakanin sifiri da bolt 0.7, kuma talabijin yana karɓarsa a kan turjiyar om 75. Haɗaɗɗiyar siginar kwamfozit, wadda ake gani a fulogi mai launin rawaya, bolt 1 ce daga ƙasanta zuwa ƙololuwarta. Idan tazarar da ke tsakanin baƙi ƙirin da fari fat ba ta kai bolt ɗaya ba, to kutsen da bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na bolt ba yana iya bayyana a ido, musamman a wurin da launi ɗaya ya mamaye. Kutsen nan kuma ta hanyoyi biyu yake shigowa. Ta farko ita ce maƙwabtaka, domin wayoyi biyu da suka yi tafiyar mita biyu manne da juna sun zama kamar ƙaramar kafasita, wato 'yar na'urar da ke tare tsayayyar wuta ta bar mai kaɗawa ta wuce, sigina mai saurin kaɗawa tana tsallakawa daga wannan zuwa waccan. Ta biyu ita ce tarayya a layin ƙasa, kuma ita aka fi mantawa da ita.

Bari mu yi ɗan lissafi a kan ta biyun, domin shi ne zai bayyana ƙugin da ake ji. Lokacin da hoto ya yi fari, kowane launi yana tura kimanin miliamfiya 9 zuwa talabijin, ukun kuma sun kusa 28, kuma dole wannan wuta ta komo gida ta layin ƙasa. Idan layin siririyar waya ce guda mai turjiyar rabin om, za a sami bambancin kusan milibolt 14 tsakanin ƙarshenta biyu. Tunda sauti ma da wannan layin yake auna kansa, sai talabijin ya ɗauki bambancin a matsayin sauti. Hoto kuwa yana ɗaukewa yana dawowa sau 50 ko sau 60 a daƙiƙa, gwargwadon ko na'urar ta PAL ce, tsarin talabijin na Turai, ko ta NTSC, na Amurka da Japan, shi ya sa abin da kunne ke ji ƙugi ne mai kauri da ke ƙaruwa idan hoto ya yi haske, ya lafa idan ya yi duhu.

Kafin ka yanke komai, gano inda matsalar take

Mataki na farko ba ya buƙatar almakashi. Kunna na'urar, ka rage ƙarar kiɗan wasan idan akwai damar hakan, ka ƙara muryar talabijin, sannan ka lura da abin da ke faruwa lokacin da hoto ya tashi daga duhu zuwa haske. Wanda yake da hanyar loda manhajar 240p Test Suite, wadda Artemio Urbina ya ƙirƙira, zai fi samun sauƙi, domin tana da farin allo zalla da jerin launuka da ba sa motsi. Ƙugin da ke bin hasken hoto laifin kebul ne kusan ko da yaushe. Ƙugin da ba ya canzawa ko hoto ya yi fari ko ya yi baƙi, musamman idan yana tare da wata faffaɗar inuwa da ke hawa sama a hankali a fuskar talabijin, daga wutar lantarki yake, kuma sabon kebul ba zai magance shi ba. Zanen saƙar tabarma a kan launuka alama ce ta cewa siginar launi ta kwamfozit, wadda ke kaɗawa a megahaz 3.58 a NTSC ko 4.43 a PAL, tana ɗiga cikin wayoyin RGB. Siraran layukan da ke gudu a karkace galibi adaftar wuta ce ke haifar da su.

Akwai kuma nau'in da bai kamata a wahalar da kai a kansa ta hanyar kebul ba, wato tsayayyun layuka daga sama zuwa ƙasa da ba sa motsi, waɗanda Mega Drive da Famicom suka yi suna da su. Waɗannan a cikin allon da'irar na'urar ake haifarsu, inda layukan jan ƙarfe suka bi kusa da juna tun daga masana'anta. Kebul mai kyau ma yakan sa su ƙara fitowa fili, saboda ya daina ɓoye su cikin dishi-dishi.

Idan kana da wani kebul ɗin, ko wata adaftar, ko wani talabijin, ka sauya su ɗaya bayan ɗaya. Kada ka sauya biyu a lokaci guda, domin idan abin ya gyaru ba za ka san wanne ne mai laifi ba.

Ka san na'urarka da yankin da aka yi ta dominsa

Mataki na biyu shi ne zana taswirar ƙafafun soket ɗin na'urar a takarda, kuma a nan ne ake yin kuskuren da ya fi tsada. Soket ɗin bayan Super Nintendo yana da ƙafafu 12: ta 1 ja ce, ta 2 kore, ta 4 shuɗi, ta 5 da ta 6 layin ƙasa, ta 7 siginar haske da ake kira luma, ta 8 siginar launi, ta 9 kwamfozit, ta 10 bolt 5, ta 11 da ta 12 sautin hagu da na dama. Ƙafa ta 3 ce abin tsoro. A na'urorin Amurka da Japan tana fitar da siginar daidaita hoto, wadda ake kira sink, amma a na'urar Turai bolt 12 ne a kanta. Wanda ya haɗa kebul bisa taswirar Super Famicom ta 1990, wato Super Nintendo ta Japan, sannan ya soka shi a na'urar Turai ta 1992, ya tura bolt 12 ke nan cikin mashigar da aka yi domin abin da bai wuce bolt ɗaya ba. Haka kuma fulogin JP-21 na Japan kamarsa ɗaya da SCART, ƙafafu 21 ne su ma, amma jerinsu daban ne, don haka kada kama ta ruɗe ka.

Mega Drive ta farko, wadda ta fito a Japan a 1988, tana da soket ɗin DIN mai ƙafafu 8 kuma sauti ɗaya take fitarwa ta baya, wanda yake son sautin hagu da dama sai ya ɗauko shi daga ramin abin sauraro na kunne da ke gaba. Ta biyun tana da ƙaramin DIN mai ƙafafu 9 da sauti biyu a ciki. PlayStation ta 1994 tana fitar da RGB, amma ba ta da ƙafar sink ta musamman, sai an ɗauko daga kwamfozit ko daga luma. NES kuwa, in ban da ta Faransa, ba ta fitar da RGB sam sai an yi mata aiki a ciki, saboda haka babu kebul ɗin da zai ciro mata abin da ba ta da shi.

Ka rubuta a saman taswirarka ko ta gaban fulogi aka zana ta ko ta ɓangaren da ake liƙa dalma, domin ɗaya madubin ɗaya ce. Na taɓa gama haɗa kan DIN tsaf, na tsaya ina yaba kyan aikina, sai mitar awon lantarki ta nuna mini cewa hagu ya koma dama tun daga ƙafar farko har ta ƙarshe. Da na soka shi kafin gwaji, da labarin ya sha bamban. Hanyar da ba ta yaudara ita ce ka kunna na'urar, ka sa baƙar sandar mita a layin ƙasa, ka nemo ƙafar da ke ba da bolt 5 da jar sandar cikin natsuwa ba tare da ka haɗa ƙafa biyu ba, sannan ka ƙirga sauran daga nan.

Zaɓen waya

A nan ne rabin aikin yake. Abin da ake nema shi ne kowace siginar hoto ta sami wayarta mai garkuwarta, wato kowaks, mai jijiya a tsakiya da raga ta jan ƙarfe da ta kewaye ta. Ragar tana yin aiki biyu a lokaci guda: tana tare kutsen maƙwabta, tana kuma ba wa wutar wannan siginar hanyar komawa ta kanta, ba sai ta bi ta layin sauti ba. Kebul ɗin RGB cikakke yana buƙatar kowaks huɗu domin ja da kore da shuɗi da sink, wayoyi biyu masu garkuwa domin sauti, sai waya guda ta bolt 5. RG-179 siririn kowaks ne mai om 75 da kaurinsa ya kai kimanin milimita biyu da rabi, ya dace da wannan aiki. RG-174 yana kama da shi a ido amma om 50 ne, a kiyaye. Tsohon kebul ɗin VGA na kwamfuta mai kauri ma abin amfani ne, domin nagarinsa yana ɗauke da ƙananan kowaks uku a ciki, sai dai ka yanke bakinsa ka duba da idonka, saboda akwai masu kaurin roba kawai babu komai a ciki sai siraran wayoyi. Takardar alminiyam guda da aka naɗe dukkan wayoyi da ita tana kare su daga hayaniyar waje, amma ba ta hana su cutar juna, alhali cutar juna ita ce babbar matsalar.

Ana yawan tsoratar da mutane da batun om 75 da inuwar hoto, wato siginar da ke bugun ƙarshen waya ta dawo. Gaskiya ne tana faruwa, amma yana da kyau a san girmanta. Sigina tana tafiyar kusan santimita 20 a kowace nanodaƙiƙa cikin kowaks, saboda haka zuwa da dawowa a kebul mai mita biyu nanodaƙiƙa 20 ne kacal, alhali ɗigon hoto guda na Super Nintendo yana ɗaukar kusan nanodaƙiƙa 186. A gajeren kebul, ke nan, garkuwa da layin ƙasa sun fi daidaiton om tasiri nesa ba kusa ba. A ganina mita ɗaya da rabi zuwa biyu ya wadatar, kuma duk abin da ya ƙaru a kan buƙata ƙarin wurin ɗaukar hayaniya ne.

Fiɗa da liƙi

Ka fara zura murfin fulogi da robobin da ke tsukewa da zafi a jikin kebul kafin ka liƙa ko da waya ɗaya. Kowa ya taɓa mantawa da wannan, kuma maganinsa ɗaya ne, a warware a sake.

Ka fere fatar wajen kowane kowaks kimanin santimita ɗaya, ka tsefe ragar da bakin allura, ka murɗe ta gefe guda ta zama 'yar wutsiya, sannan ka fere jijiyar tsakiya milimita biyu ko uku kawai. Ƙa'idar ita ce ɓangaren da ya fita daga cikin garkuwa ya zama gajere iyakar iyawa, domin daga inda raga ta ƙare kariya ta ƙare. Mutum zai iya sayen kowaks mafi kyau, sannan ya bar santimita biyar na wayoyi tsirara suna cuɗanya a cikin kan SCART, ya dawo da matsalar da ya gudu. Bayan ka murɗe ragar, ka ɗaga wayar a gaban fitila ka duba, saboda silin jan ƙarfe guda da ya fi gashi siranta ya isa ya taɓa jijiyar tsakiya ya kashe launi ɗaya gaba ɗaya.

Dalma mai kashi 63 na kuza da 37 na darma tana narkewa a digiri 183, kuma zafin ƙarfen liƙi tsakanin digiri 320 da 350 ya ishe ta. Ka shafa wa waya dalma daban, ka shafa wa ƙafar fulogi daban, sannan ka haɗa su ka taɓa da ƙarfen na daƙiƙa biyu. Daɗewa yana narkar da farar robar da ke tsakanin jijiya da raga a wasu wayoyin, sai su haɗe daga ciki inda ido ba ya gani, yana kuma sassauta ƙafafun ƙaramin DIN a mazauninsu. Dabarar da ke taimakawa ita ce ka soka fulogin cikin wani soket da ba a amfani da shi yayin liƙi, ya riƙe ƙafafun ya kuma janye zafi. Liƙi mai kyau yana da santsi kuma ya rungumi waya, wanda ya yi curi kamar ƙwallo bai kama ba, kuma irinsa ne ke sa hoto ƙyaftawa idan an taɓa kebul. Ka yi aikin inda iska ke shiga, ka wanke hannu bayan ka gama.

A ɓangaren SCART masu ƙirarsa a Faransa sun riga sun yi maka tunani, domin sun ba kowace sigina ƙafar ƙasanta a kusa da ita. Ja yana kan ƙafa ta 15 da ƙasansa a ta 13, kore ta 11 da ta 9, shuɗi ta 7 da ta 5, sink yana shiga ta 20 da ƙasansa a ta 17, sautin dama ta 2, na hagu ta 6, ƙasan sauti ta 4, sai ta 21 wadda ita ce ƙarfen jikin fulogin. Ka kai ragar kowace waya ƙafarta. Ka lura kuma cewa ƙafa ta 19 da ta 1 da ta 3 mafita ne daga talabijin, kebul ɗin na'urar gem ba ya amfani da su. A ɓangaren na'urar kuwa ƙafar ƙasa ɗaya ce ko biyu, don haka dole dukkan ragogin su haɗu a can. Ka tara su wuri guda dab da fulogin, ka kai su ƙafar da gajeriyar waya mai kauri, idan kuma soket ɗin yana da ƙafafun ƙasa biyu sai ka ba hoto ɗaya, sauti ɗaya.

Za ka ji ana cewa garkuwa a gefe ɗaya kaɗai ake haɗa ta. Wannan shawara ce da aka aro daga wasu na'urorin sauti inda garkuwa ba ta ɗauke da komowar sigina. A kowaks ɗin hoto ragar ita ce hanyar komowa, idan ka bar gefe ɗaya a sake sai wutar ta nemi wata hanyar, kuma wadda za ta samu ita ce ta sauti. Ka haɗa ta gefe biyu.

Rizistoci da kafasitoci

Wasu kamfanonin sun bar wani ɓangare na da'irar hoto a cikin kebul maimakon cikin na'ura, shi ya sa waya zalla ba ta wadatarwa. Mega Drive tana buƙatar rizista, wato abin da ke rage ƙarfin wuta, mai om 75 da kafasita mai maikrofarad 220 a jere kan kowane launi. Super Nintendo ta NTSC da PlayStation ta farko kafasitocin kaɗai suke buƙata, yayin da Super Nintendo ta Turai take son rizista mai om 75 daga kowane launi zuwa layin ƙasa. Aikin kafasitar shi ne tare tsayayyar wutar da ke kan layin ta bar hoto ya wuce, kuma ƙafarta mai alamar tarawa ɓangaren na'ura take kallo. Idan hoto ya yi haske fiye da kima har farare suka haɗe, akwai rizistar da ta ɓace. Idan ya yi duhu, an ninka ta. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba a raba siginar hoto gida biyu da waya mai reshe: turjiya biyu masu om 75 a gefen juna sun koma 37.5, sai bolt 0.7 ya faɗi zuwa kusan 0.47.

Rizistar da ke jere da sigina ta fi amfani idan tana kusa da na'ura, domin a can take daidaita mafita da waya. Matsalar ita ce kan DIN ba shi da fili, shi ya sa aka saba cusa komai a kan SCART. Wanda yake son aiki mai tsafta sai ya sa rizistocin a ɗan ƙaramin akwati 'yan santimita kaɗan daga fulogin na'ura, ya bar kafasitocin a kan SCART. Ko ina ka sa su, ka gajarta ƙafafunsu, ka rufe kowace da robar tsukewa, ka nisanta na hoto daga wayoyin sauti.

Ƙafa ta 16 ta SCART ita ke gaya wa talabijin ya koma RGB, kuma tana son bolt 1 zuwa 3. Rizista mai om 180 daga bolt 5 tana ba da kusan bolt 1.5. Idan aka manta da ita, talabijin da yawa za su ci gaba da nuna kwamfozit, mutum ya yi ta mamakin yadda duk wahalarsa ba ta canza komai ba. Ƙafa ta 8 kuma tana zaɓar siffar hoto, bolt 12 yana nufin 4:3, bolt 5 kuwa yana sa wasu talabijin su baje hoto a faɗi. Akwai masu saka 'yar da'irar ɗaga wuta daga 5 zuwa 12 a cikin kan fulogi domin wannan. Ni ban cika son haka ba, saboda irin wannan da'ira tana kunnawa tana kashewa da sauri ƙwarai dab da wayoyin hoto, kuma danna maɓallin rimot sau ɗaya ya fi sauƙi a kan kawo maƙerar hayaniya cikin gida.

Inda za a ɗauko sink

Zanen saƙar tabarma a nan ake kashe shi. Hanya mafi sauƙi ta samun sink ita ce amfani da kwamfozit, kuma haka aka tsara SCART tun asali, amma kwamfozit tana tafe da siginar launi mai saurin kaɗawa, wadda ita ce gwanar tsallaka katanga. Idan tana cikin kowaks nata, yawanci ba ta damun kowa. Idan kana son ka raba gari da ita gaba ɗaya, ka ɗauko sink daga luma a na'urorin da suke da ita, kamar PlayStation da Super Nintendo, domin luma tana ɗauke da sink a ƙarfin da ya dace kuma babu siginar launi a cikinta. Sauyin bai wuce ɗaga waya ɗaya daga wata ƙafa zuwa wata ba.

Hanya ta uku ita ce sink zalla daga na'urar da ke fitar da shi, kuma tana buƙatar hattara. Irin wannan sink yakan fito da ƙarfin da ya kusa bolt 5, alhali mashigar SCART ba ta tsammanin abin da ya wuce bolt 1. Tura shi haka yana takura mashigar talabijin ko ta na'urorin ɗaga hoto irin su OSSC, kuma kaifin bugunsa yana tsallakawa cikin sauti da launuka. Rizista mai om 470 a jere tana saukar da bolt 5 zuwa kusan 0.7 idan ya haɗu da om 75 na talabijin, kuma ita ma a ɓangaren na'ura ya kamata ta zauna, domin siginar ta yi tafiyarta cikin kebul tana mai rauni. Wanda ya sa guntun LM1881 domin tace sink daga kwamfozit, ya tuna cewa shi ma mafitarsa mai ƙarfi ce, tana buƙatar wannan rizistar. Ya kuma sani cewa idan guntun yana kan SCART, to kwamfozit ta riga ta ratsa tsawon kebul ɗin kafin a tace ta, bai tsira daga kutsenta ba sai da garkuwa.

Sauti ba ya buƙatar dogon bayani bayan wannan. Mashigarsa tana da turjiya mai yawa, om dubu goma ko fiye, shi ya sa yake saurin ɗaukar duk abin da ya gifta. Ka ba shi wayoyi masu garkuwa, ka bi da su gefe guda a cikin kan fulogi, idan kuma ƙugi ya ƙi tafiya ka fitar da sautin ta kebul nasa daban tun daga bakin na'ura zuwa lasifika.

Gwaji kafin wuta, sannan abin da ke kewaye

Kafin ka soka komai, ka sa mita a ma'aunin da ke ƙara idan waya ta haɗu. Ka bi kowace ƙafa daga wannan kai zuwa wancan bisa taswirarka, ka tuna cewa layin da ke da kafasita zai yi ɗan ƙara ne ya yi shiru, mai rizista kuma zai nuna adadinta. Sannan ka gwada kowace ƙafa da maƙwabtanta da kuma layin ƙasa, ka fi mai da hankali kan bolt 5, domin haɗuwarsa da ƙasa tana iya ƙona fis ko abin daidaita wuta a cikin na'ura. Ka auna turjiyar layin ƙasa daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ya kamata ta yi kusa da abin da mita ke nunawa idan ka haɗa sandunanta biyu. Ka lanƙwasa kebul ɗin a wuyan fulogi yayin da kake aunawa, saboda liƙin da bai kama ba a nan yake tona kansa. Daga nan ka ɗaure wuyan da kyau yadda idan an ja kebul roba ce za ta ɗauki nauyin, ka rufe, ka sake gwadawa, domin rufe murfi yakan matse wayoyi su taɓa juna.

Ka kashe na'ura da talabijin kafin sokawa, sannan ka koma kan farin allon nan da ka fara da shi, da murya a daidai inda ka sa ta da farko. Idan ƙugin da ke bin haske ya tafi amma wani ya rage, to saura na waje. Ka jona na'ura da talabijin da lasifika a kan abin rarraba wuta guda, domin idan suna soket daban-daban ɗan bambancin da ke tsakanin ƙasansu yana bi ta garkuwar kebul ya zama ƙugi da inuwa mai hawa. Ka cire wayar eriya ko ta dikoda daga talabijin ka gani, sau da yawa ita ce ta rufe da'irar. Ƙaramar taransifomar raba sauti tana yanke irin wannan ƙugi a layin lasifika. Abin da ba a yi ko kusa shi ne cire ƙafar ƙasa ta fulogin wutar gida, domin ita ce ke tsakanin mutum da jan wuta idan wani abu ya lalace. Haka nan ba a buɗe bayan talabijin mai ƙoƙo domin neman ƙugi, yana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an cire shi daga soket.

Adafta ma a duba ta, kuma ba a musanya ta da ka. NES tana amfani da bolt 9 na wuta mai juyawa, wadda za ta lalata Famicom, takwararta ta Japan, idan aka soka mata. Mega Drive ta farko tana son tsakiyar fulogi ya zama mai alamar ragewa, ta biyun kuma mai alamar tarawa. Sababbin adaftoci marasa nauyi suna aiki ne ta hanyar kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa, kuma marasa ingancinsu su ne ke zana layukan nan masu gudu a karkace. Zoben ferayit da ake maƙalawa a waya yana rage irin wannan hayaniya mai saurin kaɗawa, amma ba ya taɓa ƙugin haz 50 ko 60, don haka kada a ɗora masa abin da ba aikinsa ba. Ka raba kebul ɗin hoto da wayoyin wuta, inda kuma dole su haɗu ka sa su gitta juna maimakon su jera, sannan ka matsar da tubalin adaftar daga bayan talabijin ka sake kallon farin allon.